Hayaƙi Da Tartsatsi Ba Su Ne Zane Ba

Manhajar zane mai siddabaru ita ce wadda ke ba mai zane damar fito da wuta, hayaƙi, walƙiya, hazo ko tartsatsi a fuskar kwamfuta ko waya da jan alƙalami ɗaya. Tushenta yana cikin harkar fim. A da, masu zanen bayan fage na Hollywood da fenti suke zana birni ko tsauni a kan gilashi, sannan a haɗa shi da hoton 'yan wasa. Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, 'yan'uwa biyu ne suka ƙirƙiro ta, Thomas da John Knoll, kuma John ma'aikaci ne a Industrial Light & Magic, kamfanin da George Lucas ya kafa a 1975 saboda fim ɗin Star Wars. A 1991 Painter ta biyo baya, tana kwaikwayon fentin mai da alli da gawayi, har a cikin gwangwanin fenti aka riƙa sayar da ita. Procreate ta zo a 2011 don masu iPad, ga kuma Krita wadda ake saukewa kyauta.

Amfaninsu ba abin musu ba ne. Hoto yana kasuwa falle-falle: mutum a falle ɗaya, sararin sama a wani, hayaƙi a nasa. Idan mai ba da aiki ya ce a mayar da rana dare, ba sai an sake zanen daga farko ba. Kuskure kuwa maɓalli ɗaya ke goge shi. Alƙalamin allo yana jin nauyin hannu, layi ya yi kauri ko siriri gwargwadon dannawa. Manhajar Rebelle tana sa fentin ruwa ya malale ya bushe kamar a kan takarda, har a karkata shafin ya gangara. Tartsatsin da zai cinye wa mai burushi yini guda yana ɗiga shi ɗaya bayan ɗaya, burushin manhaja zai watsa shi cikin daƙiƙa. Babu sayen fenti, babu warin kananzir a ɗaki.

Matsalar tana nan cikin wannan sauƙin. Tunda wuta ta zama araha, sai kowane hoto ya kama da wuta. Fostar fim wuta, bangon littafin soyayya tartsatsi, katin gayyatar biki ma sai an turnuƙe ango da hayaƙi, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. A duba irin fostar nan da kyau: gobara na ci a bayan jarumi ta hagu, amma kumatunsa na hagu ko ɗan ja bai yi ba, inuwar hancinsa kuma wajen wutar ta nufa. Boka ya ɗaga hannu, walƙiya uku sun fito, dukkansu iri ɗaya sak, domin guda ɗaya aka kwafa aka manna. Hannun kansa an lulluɓe shi da hazo, saboda yatsu sun gagara zanuwa.

Wannan shi ne abin haushin: siddabaru ya zama mayafin rufe aibi. Manhaja ta san yadda harshen wuta yake lanƙwasa, amma ba za ta gaya wa mai zane inda ya kamata haskensa ya sauka ba. Wanda bai koyi tsarin jikin mutum da tafiyar haske da inuwa ba, ko ya tara burushi dubu, ƙyalli kawai zai tara. Ga shi kuma burusan iri ɗaya kowa ke saukewa, shi ya sa aikin mutum goma yake fitowa kamar hannu ɗaya ne ya yi. Tun 2013 da Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, wasu na biya don su yi ta danna maɓallin ƙyalli kaɗai, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Gaskiya ne ɗan koyo da wasa yake farawa, kuma wani lokaci mai ba da aikin ne ke cewa a ƙara wuta. To, a ƙara, amma bayan zanen ya tsaya da ƙafarsa.

Ƙwararru suna bin tsari: fasalin abu tukuna, sai haske da duhu cikin baƙi da fari, sai launi, siddabaru a ƙarshe, kuma a inda labarin hoton ya buƙace shi. Gwajin ingancin zanen ma manhajar ce ke bayar da shi. A kashe fallen hayaƙi da na tartsatsi, a mayar da hoton baƙi da fari, a rage girmansa. Idan har ana gane wane ne a ciki, me yake yi, daga ina haske yake zuwa, manhajar ta samu mai ita. Idan kuwa ba a gane komai, gyaran yana wajen fensir da takarda.