Kalmar "Bustle" da Raunin Fassarar Kalma da Kalma

A darasin fassara an saba ba wa ɗalibi jerin kalmomin Ingilishi, kowace da takwararta guda ɗaya ta Hausa. Muna ganin wannan hanya tana da rauni, kuma kalmar "bustle" ta isa ta nuna shi.

Abin da ya fi saurin zuwa baki a kanta shi ne "hayaniya". To amma hayaniya aikin kunne ce, alhali "bustle" motsi take nufi, wato kai-komon mutanen da aiki ya sha wa kai. Ma'aikatan jinya na iya yin sa a ɗakin marasa lafiya ba tare da an ji ɗuriyarsu ba. "Cinkoso" ma bai dace ba, domin a cinkoso tafiya tsayawa take yi. Idan ana bayanin kasuwa, kamar Kurmi ko Kantin Kwari a Kano, "hada-hada" ta fi zama daidai, saboda tana ɗauke da ƙamshin ciniki. Idan tashar mota ce, sai a ce "zirga-zirga". Idan kuwa kalmar ta zo a matsayin aikatau, ana maganar uwargida mai shirin tarbar baƙi, babu kalma ɗaya da za ta wadatar; sai dai a ce tana ta kai-komo cikin rawar jiki.

Akwai kuma wata ma'anar da jerin kalmomi kan tsallake gaba ɗaya. A Ingila da Faransa, musamman a shekarun 1870 da 1880, "bustle" suna ne na wani ciko ko firam da mata kan ɗaura a ƙugu ta baya, ƙarƙashin siket, don ya ɗago tufa. Ɗalibin da ya haddace "hayaniya" ya ci karo da wannan a labarin wancan zamani, zai rubuta cewa matar ta ɗaura hayaniya. Kada kuma malami ya ce jigida ce. Aikinsu daban, bayani ake bukata.

Furuci ma abin lura ne: ba a faɗin harafin "t", kamar dai a "castle" da "hustle". Wannan ta biyun kuwa, da yake a Ingilishin Nijeriya tana nufin fafutukar neman abinci, takan ja ɗalibai su fassara "hustle and bustle" da "neman na kai", alhali hada-hadar birni ake nufi.

Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar a riƙa kawo irin wannan kalma cikin jimloli uku ko huɗu masu muhalli daban-daban, a kuma ba da maki ga dalilin da ɗalibi ya bayar na zaɓinsa.