Hannun Mai Barbarar Wake

Furen wake ba ya jiran baƙo. Namiji da mace duk suna cikinsa, kuma kafin ya buɗe da sassafe ya riga ya yi wa kansa barbara. Mai son haɗa iri biyu dole ya riga furen. Da yamma yake zuwa, ya zaɓi tohon da zai buɗe gobe, ya tsaga shi da ɗan hantsaki, ya tsince zarurrukan maza guda goma ba tare da ya ƙwarzani macen ba. Da safe ya kawo garin furen ɗaya irin ya shafa mata, ya ɗaura alama. Da yawa sukan kaɗe. Ina jinjina wa wannan hannu, amma idon da ke karanta abin da ya tsiro ya fi burge ni.

Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, shi ya fara wannan karatu da waken Turawa tsakanin 1856 da 1863. Ya haɗa mai fure shunayya da mai fari, 'ya'yan suka fito duk shunayya. Da wani ne sai ya ce farin ya ɓata. Shi kuwa ya sake shukawa, ya ƙirga jikoki: 705 shunayya, 224 farare, kusan uku ga ɗaya. Ashe kowane tsiro gado biyu yake ɗauka, na uwa da na uba. Wani gadon mai rinjaye ne, ko shi kaɗai yana bayyana. Wani mai laɓewa ne, sai ya gamu da irinsa zai fito fili.

A nan gwanintar take. Farin fure ba ya ɓoye komai, amma biyu cikin uku na jikoki shunayya suna ɗauke da fari a ciki.

Haka abin yake a gonar wake. Masu bincike a Kano da Samaru sun gano cewa wani wake na Botsuwana, B301, yana jure wuta-wuta da gado ɗaya mai rinjaye. Idan aka haɗa shi da wani iri, tsiron da ya tsira cikin jikoki ba lalle ne tsantsa ba. Sai a ware 'ya'yan kowanne a layinsa, a shuka a gonar da wuta-wuta ta yi katutu. Layin da ta kama ko kaɗan, uwarsa na ɓoye rauni; wanda ya fita fes shi ake ajiyewa iri.