Ma'anar "Hutu" a Wasu Rubuce-Rubuce Kan Matan Karkara

A 'yan shekarun nan shirye-shiryen rediyo da rubuce-rubuce masu yi wa mata gargaɗi kan tsara yini sun yawaita. Akan ce wa mace ta ware lokacin iyali, da na sana'a, da na girki, da na motsa jiki, sa'an nan ta ajiye ɗan abin da ya saura domin hutu, kamar mai rabon gado. Har akan kafa hujja da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta nemi baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Babu mai jayayya da wannan ƙa'ida. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne kalmar "hutu" ita kanta, domin kuwa ma'anarta a bakin likita dabam, a bakin matar ƙauye irin Dawaki ta ƙasar Rano da Kibiya dabam, kuma manyan rubuce-rubucen da aka yi kan matan Hausa sun bi ta kan wannan bambanci ba su tsaya ba.

Ya kamata a fara da Baba of Karo, wanda aka buga a 1954. Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakin Baba a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba kuwa ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba. Ita mutuniyar kudu maso yammacin ƙasar Kano ce, kuma ta yi wayo tun ana bauta, watau ta ga zamanin da bayi mata ke noma a gandu, matan iyayen gijinsu na cikin gida. Daga nan ne M. G. Smith, wanda ya rubuta gabatarwar littafin, ya fito da ra'ayinsa sananne, cewa kulle ya yaɗu a karkara bayan hana bauta saboda matan da suka sami 'yanci sun janye daga aikin gona, don a san su ma 'ya'ya ne. Ko da mutum bai yarda wannan shi kaɗai ne dalili ba (ai ba za a manta da wa'azin malamai ba), ra'ayin ya haska mana wani abu muhimmi: hutu a wurin macen karkara matsayi ne. Shi ya sa har yau idan aka ce wance 'yar hutu ce, ba ana nufin ta ɗan kishingiɗa bayan azahar ba ne. Ana nufin rana ba ta dukanta, wani ne ke ɗebo mata ruwa, kuma jikinta ya nuna. Ƙiba a wannan ma'auni shaida ce ga miji cewa ya iya riƙo.

Amma fa littafin yana da giɓi. Baba ta ba da labarin aure da suna da ƙawance da bori filla-filla, aikin yau da kullum kuwa sai ya zama shimfiɗa kawai wadda sauran labaran ke zaune a kanta. Ba abin mamaki ba ne, don abin da ake yi kullum ba ya zama labari a wurin mai yinsa. Sai dai mai karatun da bai taɓa zama a ƙauye ba zai rufe littafin bai san tsawon tafiyar da ke tsakanin damin dawa da malmalar tuwo ba: sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, shanya, daka ko niƙa a dutse, tankaɗe, sa'an nan talge da ruɗe da tuƙi da kwasa. Matar da ta yi wannan, ga goyo a baya, ta cika minti 150 ɗin nan tun mako bai yi nisa ba, alhali a lissafin gari tana cikin hutu tun da ba ta fita gona. A cikin wannan aiki ne kuma nishaɗinta yake. Idan mata biyu ko uku suka kewaye turmi suna lugude, wannan ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, waccan ta sako waƙa mai habaici ga kishiya ko uwar miji, to aiki da motsa jiki da wasa da huce haushi duk sun haɗu a sa'a guda. Wa zai raba wannan kashi biyar?

Masanan da suka biyo baya sun cike rabin giɓin. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna tun 1969 cewa akwai wata ɓoyayyiyar kasuwa da matan kulle ke ci daga gida zuwa gida. Enid Schildkrout ta nuna a birnin Kano cewa yara masu talla su ne ƙafafun wannan kasuwa, saboda haka shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka soma a 1976 ya taɓa jarin uwa kai tsaye. Mafi kusa da ƙasar Rano shi ne aikin Cecile Jackson kan shirin noman rani na Kogin Kano, wanda madatsar ruwa ta Tiga, da aka gama a 1974, ke shayarwa. Ta kwatanta matan Musulmi da na Maguzawa, kuma a 1978 ta ba da labarin yajin aikin da mata 'yan ƙodago suka yi a wata gonar kamfani a Kadawa suna neman ƙarin lada. Waɗannan ayyuka sun kashe zancen nan na cewa macen kulle zaman banza take yi, kuma sun cancanci yabo. Aibinsu ɗaya ne: ma'auninsu kuɗi. Sun ƙirga ribar ƙuli-ƙuli da zubin adashi, jikin da ya matse tunkuzar kuwa bai shiga lissafi ba. Kwanan girki ma, wanda shi ne tsarin rabon lokaci na ainihi a gidan da ke da kishiyoyi, akan dube shi ta fuskar aure kawai, alhali matar da ta fita girki ita ke samun sararin sana'arta da kitso da lalle da zuwa unguwa.

Adabinmu ma bai tsira ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Rabi ta tsaya da ƙafarta ta hanyar sayar da abinci bayan Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta, kuma marubuciyar ta nuna wahalar ba tare da kwaskwarima ba. Duk da haka sakayyar da labarin ya tanadar wa gidan ita ce auren Saudatu da mai arziki, watau hutu a tsohuwar ma'anarsa. Littattafan soyayya da yawa da suka biyo baya sun ɗauki wannan ɓangare suka bar na Rabi: 'yar aiki a madafa, jaruma a kan kujera.

Yanzu injin niƙa ya shiga kusan kowane ƙauye, kuma duk wanda ya taɓa ganin kanta a tafin hannun tsohuwa ba zai yi kukan rabuwa da dutsen niƙa ba. Ba da turmi muke roƙon a koma ba. Abin lura shi ne injin ya ɗauke wani ɓangare na aikin, ya tafi da waƙar da taron da ke tare da shi, ya bar wa mace ɗawainiyar da ake yi a zaune ko a duƙe. A lokaci guda kuma hawan jini da ciwon sukari sun zama cututtukan da ake ambata a asibitocin karkara. Ma'aikaciyar lafiyar da ta ce wa matar Dawaki ta riƙa fita tana zagaya gari da sassafe, ba ta san tana neman ta sauka daga matsayin da kakanninta suka sha wuya kafin su hau ba, shi ya sa ake amsa mata da "to" a koma gida. Da ta yi zancen rawar amada, irin wadda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da kiɗanta, wadda mata ke yi a tsakaninsu cikin gida ba mai cewa sun zubar da girma, da wataƙila an saurare ta.

Ɗalibanmu masu tattara waƙoƙin daka a Rano da Rurum da Kibiya da Tarai su ma suna da nasu rabon a wannan suka. Yawanci sukan zaunar da tsohuwa a tabarma ta rera, su rubuta baitoci su tafi, ba su auna tsawon lokacin dakan ba, ba su rubuta mata nawa ke kan turmin ba, balle inda numfashi ke yanke ɗango. Sau da yawa tsohuwar kan kakare a tsakiyar waƙa, sauran ba ya dawo mata sai an miƙo mata taɓarya.