Mas'alar barewar da aka harba ta kwana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, na duba hukuncin farauta a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, na gwada shi da Muhtasar na Shehu Halilu. Sai na ga Risala ta fi cika a mas'ala guda: maharbi ya ambaci sunan Allah ya harbi barewa, ta ɓace masa, bai same ta ba sai da safe, matacciya.

Halilu ya hana cinta da kalma guda, ya wuce, yana bin Mudawwana. Hujjar hanin dare ne, domin wataƙila maciji ko wani naman dawa ya ƙarasa ta. Risala ta kawo wannan, sa'an nan ta kawo zance na biyu: hanin yana kan abin da kare ko shaho ya kashe, amma in an sami kibiya a makisa babu laifi a ci.

Zance na biyu nake rinjayarwa. Buhari ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Hatimu halaccin abin da aka samu bayan kwana ɗaya ko biyu, matuƙar babu wani rauni sai na kibiyarka. Hankali ma ya yarda. Kibiyar da ta shiga bayan kafaɗa ta huda huhu biyu, dabba ba ta yin nisa sai ta faɗi, jininta ja ne mai kumfa a kan ciyawa. Wannan ta mutu tun kafin duhu. Me dare zai ƙara mata?

Sai dai ina da magana a kan Risala ita ma, domin ba ta rarrabe makisa ba. Malamanmu sun ƙidaya hujin hanji cikin makisa biyar, alhali barewar da aka harba a ciki tana daɗewa da rai. Jininta kaɗan ne, da warin tumbi. Takan kwanta nan kusa, in an matsa mata ta tashi ta yi nisa. Saboda haka maharban baka na Amurka suke jiran sa'a 8 ko fiye kafin su bi sawunta. Mu kuwa jinkirin bin sawu shi kansa Halilu ya sa shi cikin masu hana ci. A irin wannan harbi dare yana da ƙofar shiga, kuma a nan ina tare da Halilu.

Wanda ya shafa wa kibiyarsa dafi, kamar al'adar maharban ƙasarmu, kada ya riƙi sauƙin Risala in bai riski yanka ba kuma kibiya ba ta sami makisa ba, domin bai san ko ƙarfe ne ya kashe ko dafi ba. Haka wanda ya tarar da ita a cikin ruwa. Wallahu a'alamu.