Ka'idojin OECD a Ma'aunin Babin Ijara: Nazari kan Shoprite

A shekarar 1976 ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta fitar da ka'idoji ga kamfanonin da ke kasuwanci a ƙasashe da yawa, ta kuma sabunta su a 2023. Babi na biyar ya tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ya kuma nemi kamfanin da zai rufe reshe ya sanar da wakilansu da wuri. Lafazin ba shi da aibi. Illar ita ce babu tilas a cikinsa: ofisoshin da ke karɓar ƙorafi sulhu kaɗai suke nema, kuma Nijeriya da Afirka ta Kudu ba sa cikin ƙasashen da suka rattaba hannu.

Shoprite, ɗan Afirka ta Kudu, ya shigo Legas a 2005, ya buɗe reshen Kano a Ado Bayero Mall a 2014. Da ya yi haramar sayar da kantunansa na Nijeriya ga kamfanin Ketron a 2021, sai ma'aikata suka rufe ƙofofi a watan Afrilu, suna kukan za a miƙa su ga sabon ubangida ba tare da an biya su haƙƙin sallama ba. A Janairun 2024 reshen Kano ya rufe. Ranar da suka sa aka saurare su, haɗin kansu ne ya yi aiki, ba takardar Faris ba.

A nan ne fiƙihu ya fi waccan takarda zurfi. Ijara ba ta inganta sai da sanannen lada da yardar ɓangarori biyu, kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta ɗora halaccin ciniki a kan yarda. Ma'aikaci kuwa ba kanta ba ne, balle a haɗa shi da firiji a sayar. Sai dai wace yarda ke ga mutum guda gaban kamfani mai ɗaruruwan rassa? Masu ganin ƙungiyar ƙwadago baƙuwar al'ada ce, ko ƙofar fitina, sun tsallake Hilful Fudul. Al-As bin Wa'il ya danne kuɗin wani fatake Bazubaide, sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, sannan suka tafi suka karɓo kayan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi. Abin lura shi ne ba su tsaya ga shawara ba.

Ba za a ce zancen na birni ne kurum ba. A kasuwar Mahuta ko ta Zuru babu Shoprite, amma akwai yaron shago da ke shekaru yana awo da dako a kan alkawarin baki cewa wata rana za a sallame shi da jari, ba adadi, ba lokaci. A mazhabar Malikiyya wannan jahiltar lada ce mai ɓata ƙulli, kuma idan ya riga ya yi aikin, abin da ya wajaba a ba shi shi ne ujratul misli, wato ladan da ake biyan irinsa a wannan kasuwa.