Hannun tsohuwa a kan Littafi: yadda masu zanen Holan suka kalli tsufa

A gidan adana zane-zane na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai wani hoto da Nicolaes Maes ya zana wajen 1656. Wata tsohuwa ce zaune ita kaɗai gaban teburi, ta haɗa hannuwa, ta lumshe ido. Abincin gabanta bai taka kara ya karya ba: yankan kifi, burodi, ɗan man shanu, da kwanon fate. A wani lungu na bango ga littafi a buɗe, ga kwalbar yashi irin wadda ake auna lokaci da ita, ga makullai a rataye. Can ƙasa kuwa kyanwa ta maƙale farcenta a mayafin teburin tana ja, saura ƙiris kifin ya zama nata. Tsohuwar ba ta ma san ana yi ba. Mutanen ƙasar sun raɗa wa hoton suna, suna ce masa addu'ar da ba ta ƙarewa.

Maes bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Me ya kai saurayi ga ɓata makonni yana bin tamojin fuskar tsohuwa layi-layi, kuma wane ne zai zaro kuɗi ya sayi irin wannan hoto ya rataye a ɗakinsa? Amsar tana cikin abin da ya faru da coci-cocin ƙasar shekara 90 kafin nan.

A 1566 gungun masu bin sabuwar koyarwar Furotesta suka bi majami'u suna farfasa gumaka da hotunan tsarkaka. Da mabiya Calvin suka yi rinjaye a arewacin ƙasar, sai aka shafe bangayen coci da farar ƙasa, aka bar mumbari da Littafi Mai Tsarki. A Italiya da Sifen coci ce babbar mai ba masu zane aiki. A Holan wannan ƙofa ta rufe. Mai zane kuwa dole ya ci abinci, don haka ya juya ga 'yan kasuwa da masu sana'a, mutanen da ke son ƙaramin hoto da zai shiga falo. Sai aka shiga zana abin da ke cikin gida: mace tana shara, yarinya tana ɗinki, kuyanga tana tsiyaya madara kamar a sanannen hoton Vermeer. Koyarwar masu gyaran addinin ta ba wannan gindin zama, domin Luther da Calvin duka sun koyar cewa aikin gida da sana'ar hannu kira ne daga Allah, ba su gaza aikin limami daraja ba. Idan haka ne, to ɗakin girki ya cancanci irin hasken da a da ake keɓe wa mala'iku.

Cikin duk mutanen gida, tsofaffi ne suka fi cin ribar wannan sauyi, kuma a ganina nan ne al'adar ta fi zurfi. Kuyanga mai madara tana da aikin da za a nuna. Tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare fa, me za a zana tana yi? Masu zanen suka amsa da cewa tana karatu, tana addu'a, tana jira, kuma suka ɗauki wannan a matsayin cikakken aiki.

Malamin Maes, wato Rembrandt, shi ya fi kowa riƙe wannan zare. A 1631, yana ɗan shekara 25, ya zana wata tsohuwa tana karanta babban littafi. Ana kyautata zaton annabiya Hannatu ce yake nufi, wadda Bishara ta Luka ta ce ta tsufa ƙwarai kuma ba ta rabuwa da Haikali dare da rana. Abin lura shi ne inda ya ajiye haske. Fuskar tana cikin inuwa. Hasken ya sauka ne a kan shafi da kan hannun da ke bin rubutun, hannu mai yamushewar fata wanda ana iya ƙirga jijiyoyinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wata kaka a coci ranar Lahadi, ya ga yatsanta yana tafiya a hankali ƙarƙashin layi bakinta na motsi, ya san wannan hannun. Mai zanen bai gyara shi ba, bai rage masa shekara ko ɗaya ba. Ya ɗauka cewa jikin da Allah ya halitta, wanda kuma Almasihu ya ɗauki irinsa, ba abin kunya ba ne ko da ya lalace.

Bai yi wa kansa sassauci ba shi ma. Ya bar hotunan fuskarsa kusan 80, idan aka haɗa na fenti da na bugu da na alƙalami. Biyu daga ciki suna gidan zane na ƙasa a Landan. A na 1640 yana da shekara 34, sanye da tufafin alfarma, ya jingina hannu kamar basarake, kasuwarsa tana ci. A na 1669 hanci ya kumbura, kumatu sun zubo, furfura ta leƙo daga ƙarƙashin hula, hannuwa a haɗe. Tsakanin biyun duniya ta yi masa rawar 'yan mata. Matarsa Saskia ta rasu a 1642. Ya karye a 1656, aka yi gwanjon kayansa, babban gidansa ya fita daga hannunsa. Hendrickje, wadda ta zauna da shi bayan haka, ta rasu a 1663, ɗansa Titus kuma a 1668. Kuma kada a mai da shi waliyyi: matar da ta yi renon Titus, Geertje Dircx, da rigima ta haɗa su shi ne ya yi ƙulle-ƙullen da aka tsare ta shekaru a gidan horo a Gouda. Mutumin da ke kallonmu daga hoton 1669 ya san abin da ya aikata, kuma ina ganin shi ya sa babu alamar neman yabo a idonsa.

Al'adar tana da nata rauni, bai kamata a rufe shi ba. Sau da yawa tsohuwar cikin hoto ba mutum ba ce mai suna da labari, darasi ce aka rataye a bango. Ko dai ta zama uwar ibada, ko ta zama marowaciya mai ƙirga tsaba, ko kawaliya. Waɗannan siffofi uku aka yi ta juyawa, kuma kasuwa ce ke zaɓa. Maes kansa, da ya ga inda kuɗi yake, wajen 1660 ya bar zanen tsofaffi da kuyangi ya koma zana attajirai da matansu har ƙarshen ransa. Akwai kuma tambayar da ɗan Afirka ba zai iya haɗiyewa ba: daga ina arzikin da ya sayi hotunan nan ya fito? A 1637 aka buga babbar fassarar Littafi Mai Tsarki ta harshen Holan, wadda ta shiga gidaje ta zama abin karatun irin waɗannan tsofaffi. A wannan shekarar dai kamfanin Holan mai ciniki da yammacin duniya ya ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar tekun Gana ta yau, daga hannun Fotugal, ya mai da shi mashigar cinikin bayi. Idon da ya iya ganin darajar Allah a hannun tsohuwar Holan bai gan ta a hannun da aka ɗaure da sarƙa a Elmina ba. Wannan bai ƙaryata abin da hotunan ke faɗa ba, amma ya nuna cewa masu sayensu sun gaskata shi ne iyakar bakin ƙofarsu.

Duk da haka, inda al'adar ta yi gaskiya ta yi ta sosai, kuma babu inda hakan ya fito kamar a labarin Saminu, tsohon da aka yi wa alkawarin ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu. Rembrandt ya zana shi a ƙuruciyarsa ta mai zane, ya kuma sake zana shi bayan shi kansa ya tsufa. Na 1631 yana gidan Mauritshuis a birnin Hague. Haikali ne makeke, ginshiƙai sun yi sama sun ɓace cikin duhu, matakala cike da jama'a, haske ya tsago daga sama ya faɗa kan Saminu, ya ɗaga kai, baki buɗe yana yabo. Aikin gwani ne, kuma aikin yaro ne mai son a san ya iya.

Shekara 38 bayan haka ya koma kan labarin, ya zubar da kusan komai. Babu ginshiƙi, babu taro. Tsoho ne kawai mai farin gemu, idanunsa kusan a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. Jaririn yana kwance a kan damatsansa, amma yatsun ba su riƙe shi ba. Sun miƙe gaba a sandare, kamar na mai addu'a, ko na wanda sanyin ƙashi ya hana shi dunƙule hannu. Na daɗe ina kallon hannuwan nan. Saurayin 1631 ya ɗauka cewa ganin ceto yana bukatar buɗaɗɗen ido da babban fili. Tsohon ya gane cewa mutum na iya karɓar abin da ya yi shekaru yana jira alhali ido ya dushe, hannu kuma ba ya iya damƙa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, ko da babban da yaron mutum ɗaya ne.

A nan ne kallon Kirista ya rabu da na mai tausayin tsoho kawai. Tausayi yana ganin abin da tsoho ya rasa. Waɗannan hotuna suna ɗaukarsa a matsayin wanda ke gab da karɓa, shi ya sa haske ke sauka a kansa maimakon a kan matasan da ke kewaye. Tsohuwar Maes ma haka take: kwalbar yashi na zuba, kyanwa na jan abincinta, ita kuwa ba ta gama godiya ba.

Rembrandt ya rasu ranar 4 ga Oktoba 1669, aka binne shi a kabarin haya a cocin Westerkerk. Hoton Saminu yana cikin waɗanda ya bari bai ƙarasa ba, kuma masana na ganin macen da ke tsaye a bayan tsohon wani ne ya ƙara ta daga baya. Yau yana gidan zane na ƙasa a Stockholm.