Rashin Bin Sawu a Rumbun Bayanai: Sharhi a Kan Rikicin Sabar Zaɓe

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa darajar rumbun bayanai ba ta tsaya ga abin da ya adana ba. Tana tattare ne da iyawarsa ta faɗi wanda ya shigar da bayani, da lokacin da ya shigar, da wanda ya taɓa shi daga baya.

Ga masana kwamfuta wannan ba sabon abu ba ne. Kowace sabar rumbu tana da kundin da take rubuta canje-canje, domin ta farfaɗo idan ta faɗi. Amma kundin bin sawu, wanda ke nuna sunan mai aiki da umarnin da ya bayar da kuskuren da ya auku, galibi sai an kunna shi da gangan. Alal misali, SQL Server na da Extended Events tun 2008, PostgreSQL kuwa ana ƙara masa pgAudit.

Mu ɗauki misali daga gida. A ranar 23 ga Fabrairu 2019 marigayi Muhammadu Buhari ya kaɗa ƙuri'arsa a Daura. Bayan zaɓe, Atiku Abubakar ya kai ƙara da alƙaluman da ya ce daga sabar INEC suke, hukumar kuwa ta musanta cewa an aika sakamako ta wannan hanya. Kotun sauraron ƙara ta yi watsi da da'awar a Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Oktoba. Haka kuma a ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa IReV, alhali na 'yan majalisa yana shiga. A rahotonta na 2024 hukumar ta danganta wannan ga kuskure a tsarin manhajar.

Mai yiwuwa bayanin nan gaskiya ne. Aibinsa shi ne mai zaɓe a Mai'aduwa ko Zango ba shi da hanyar tantancewa, sai dai ya gaskata ko ya ƙaryata. Labari ne ba isnadi. Malaman Hadisi ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai da suka bi sarƙar maruwaita. Shi ma M. G. Smith, a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura, sai da ya gwama ruwayoyin fada da rubutattun bayanai.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A kunna kundin bin sawu kafin ranar zaɓe. A ajiye kwafinsa inda mai kula da sabar ba zai iya gogewa ba. Sannan doka ta ba kotu da wakilan jam'iyyu damar duba shi. Sawun giwa ya taka na raƙumi, in ji Bahaushe; a rumbun al'umma kuwa, bai kamata sawun babba ya shafe na kowa ba.